Motar da Ke Shawara Kafin Ta Tashi

Lokuwa, Mubi.
Ranar Laraba.

Zuwa ga Uwata Na'imatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Sulaiman da jikokina masu ƙwace waya in ana magana. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa, mayo, kogin nan namu, ya cika har baki.

Kada ki yi wa rubutun dariya. A takarda na yi shi, zan ɗauki hotonsa in tura miki, don yatsana in ya nufi harafi ɗaya a waya, uku yake kamawa. Kin san a aji huɗu na bar makaranta, kuma malaman sun fi ni murna.

Zancen jif ɗin nan ne da kika saya mini don in riƙa kai Mamanki ganin likitan zuciya a Yola duk wata. Allah Ya yi miki albarka. Tun da ta shigo Lokuwa mutanen da ba sa amsa mini sallama suke ce mini Alhaji. Kujerarta ta fi katifata. Amma motar tana da wani hali, kuma gara ki ji daga bakina kafin Mamanki ta sa masa gishiri.

Shekaranjiya muna tafiya, mun wuce Hong kaɗan, sai na cim ma tirelar shanu tana jan jiki. Na leƙa, hanya fes, sai wata tifa can nesa kamar ƙwaro. Na fita zan wuce, na taka totur. Uwata, motar nan sai ta tsaya shawara. Injin bai mutu ba, bai yi tari ba, shiru kawai, kamar ka aiki dattijo ya tsaya neman takalmi. Can sai ta zabura kamar an tsikare ta da allura. Kafin nan ƙwaro ya girma ya zama tifa sosai, har ina ganin haƙoran direban. Na karya kan mota muka sauka gonar gyaɗar wani bawan Allah.

Ba abin da ya same mu. Mamanki ba ta yi ihu ba, da ta yi ma da na fi jin daɗi. Kalmar shahada ta yi a hankali, ta gyara gyalenta, sannan ta ce, "Malam, zuciyar nan za a duba. Ka bar mini ita mu isa da ita."

Da muka isa likita ya auna ta ya ce jininta ya hau, wai me ya tayar mata da hankali? Ta dube ni. Ni kuma na dubi fankar silin.

Ki sani ba hannuna ba ne. Na tuƙa gingimari daga Mubi zuwa Legas tun ba a haife ki ba har gemuna ya yi fari, ban taɓa taka ko kaza ba. To, akwai akuya ɗaya a Numan, amma ita ta nemi hakan. Motar ce ke da laifi, kuma zan gano inda yake. Tun ranar ban zauna ba, sai zagaya ta nake ina buɗe bonet ina rufewa, alhali ba abin da na gane a ciki. Sun rufe injin da roba kamar abincin biki.

Ki gaishe da kowa. Wassalam.

Babanki,
Kashim.

Abuja.
Ranar Alhamis.

Baba,

Wa'alaikumussalam. Ina kwana, ya ruwa, ya jikin Mama? Sulaiman da yara suna gaishe ku.

Na karanta wasiƙarka, kuma ban yi dariya ba. Mama ta riga ta kira ni tun ranar, ba ta sa gishirin komai ba. Ta ma ce ganyen gyaɗa har cikin tagar motar, abin da kai ba ka faɗa ba.

Don Allah Baba, ka daina buɗe bonet. Irin wannan motar kwamfuta ke tafiyar da ita, ba sufana ba. Ka kai ta wajen bakaniken da ke da na'urar dubawa. Kada ka ƙara shan mai a galan bakin hanya, ko da na ɗan abokinka ne. Kada kuma ka hau babban titi da ita sai an gano matsalar.

Akwai maganar da na daɗe ina juyawa. Idan ranar ganin likita ta sake zagayowa ba a gano komai ba, Mama za ta dawo nan wurina. Akwai ɗaki, akwai likitan zuciya kusa da mu, ba sai ta riƙa bin wannan hanyar ba. Ba raina ka na yi ba, Baba. Tsoro nake ji.

Allah Ya ƙara girma.

'Yarka,
Na'imatu.

Lokuwa, Mubi.
Ranar Lahadi.

Uwata,

Sallama da gaisuwa. Na ji umarni, ranki ya daɗe. Mun haifi gwamna ba mu sani ba.

Na kai motar garejin Yaji a Lamorde. Shi ne mai na'urar da kike faɗa, duk manyan motocin garin nan shi ke duba su. Ya soka mata waya ƙarƙashin sitiyari, ya ƙura wa allo ido kamar mai duba, ya ce, "Baba, mota ɗin nan ba shi da komai fa." Na ce Yaji, ni ma in likita ya tambaye ni cewa nake ba ni da komai.

To sai muka bi ta gaɓa-gaɓa. Ya ciro matacin iska, ya same shi da datti, aka sa sabo. Ya kwance wani bututu da iska ke bi ta shiga inji, wai shi ne maƙogwaron motar, ya wanke baƙin da ya taru a ciki. Akwai wata 'yar na'ura mai auna iska, ita ma ya fesa mata magani, ya hana ni taɓawa, wai hannuna na tayar gingimari ne. Ya duba fulogogi, ya auna ƙarfin famfon mai, ya tsiyaye tanki kaf ko ruwa ya shiga, muka zuba sabo a gidan mai. Har dardumar da na shimfiɗa ƙasa don kada in ɓata miki kafet ya yaye, wai tana iya tokare totur. Abu ɗaya ya ba shi mamaki, takalman birki sun cinye da wuri. Ya ce ko ina yawan gangara dutse? Na ce dutsen da nake hawa ɗaya ne, dokin ƙofar masallaci.

Da ya gama ya hau ya ja ta. Uwata, motar nan ta tashi kamar an ce mata ga gida. Ya ba ni, yana gefena, muka bi hanyar Digil, ba kowa a gabanmu, lafiya lau. Na sauke shi, na yi masa godiya, na kamo hanyar gida ina waƙa. Ina zuwa wajen kasuwa wani mai keke ya tare ni da buhunan masara, na fita zan wuce shi, na taka. Shawara! Mai keken har ya waigo ya ce, "Alhaji, ka wuce ko in ja ka?"

Na koma wajen Yaji. Ya sake ja, ta tashi. Ya ce, "Baba, ko dai motan bai san ka ba ne?" Yanzu haka kusan kullum ina can, har matarsa ta fara sa kwanona.

Zancen Abuja kuwa, ki bar shi tukuna. Kin tuna Rabi matar Ɗahiru mai shayi? Ta tafi Kaduna wajen ɗanta duba ido, an duba idon, ya warke, har yau tana can tana ganin jikoki da shi. Ɗahiru kuwa ya rame har hularsa tana juyawa a kansa. Ni ba don kaina nake faɗa ba, na iya dafa shayi. Amma wa zai riƙa gaya mini na yi ƙarya in ina ba baƙi labari? Mutum zai lalace.

Ki ba ni lokaci. Na kusa kama ta.

Babanki,
Kashim.

Abuja.
Ranar Talata.

Baba,

Barka da yini, da fatan kun tashi lafiya.

Na gode da ƙoƙarin da kake yi, ka kuma gode wa Yaji. Amma ranar likita ta zo, ba a gano komai ba. Na yi magana da Mama. Ta ce wannan karon a bar ta ta je Yola, likitan can ya san ta, sai dai ba za ta shiga jif ɗin ba. Motar tasha za ta hau. Na yarda, don sau ɗaya.

Kai kuma Baba, ka zauna a gida. Ka ji? Ka zauna a gida. Na maimaita ne don na san wanda nake rubuta wa.

Allah Ya bar mana kai.

Na'imatu.

Lokuwa, Mubi.
Ranar Asabar.

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ki zauna kafin ki karanta, ki kuma kori yara, ba na son jikokina su ji wannan.

Ban zauna a gida ba. Na gwada, wallahi. Na kai ta tasha a keke napep, na sama mata kujerar gaba a wata ƙaramar mota, na dawo na zauna kan tabarma. Tabarmar ta ƙi ni. Na ce to, ba a hana mutum rakiya ba. Na ɗauki jif, na cim musu a Mararraba, na shige gabansu ni kaɗai da kujeru bakwai, don ta gani da idonta motar ta shiryu. A hanya motar ta yi mini shawararta nan da can, amma na ce masu bina a baya ai ba za su gane ba.

Mun je mun dawo, ita a tata ni a tawa. Sai da ta idar da la'asar a gida, ƙafafunta duk sun kumbura saboda matsin motar tasha, ta ce, "Malam, direbanmu ya zage ka."

Na ce ni kuwa?

Ta ce, "Bai san kai ne mijina ba. Tun daga Mararraba yake cewa, ku dubi tsohon nan, an ba shi motar da ta fi ƙarfinsa. Duk sanda ya fita zai wuce mota sai danjarsa ta kama. Wa ke taka birki yana wuce tirela? Fasinjoji suna ta dariya. Wata mata ta ce Allah Ya ji ƙan matarsa."

Na ce ke me kika ce?

Ta ce, "Na ce amin."

Sannan ta ce ita ba ta san mota ba, amma ta san ja. Ta zuba ido, kuma gaskiya ne, duk fitar da na yi sai jar fitilar baya ta haska.

Na yi faɗa. Na ce yaron da aka haifa ina kan hanyar Legas ne zai koya mini birki? Na ce ƙafata ta dama tana kan totur, da wace ƙafar zan taka birkin, ta aro? Ta bar ni na gama, ta miƙo mini ruwa.

Washegari na ɗauko Yaji na ce kada ya dubi hanya, ƙafafuna zai duba. Muka sami wata motar itace, na fita zan wuce. Sai ya daka tsawa, "Ga shi! Baba, ga shi! Na hagu!"

Uwata, ƙafar hagu ce. A gingimari, in za ka wuce mota sai ka taka kuloci ka rage giya, ta sami ƙarfi. Ƙafar nan ta yi wannan aikin tun ina saurayi. Yanzu an kawo ta motar da ba kuloci, ba wanda ya gaya mata an sallame ta. Da na yi niyyar wucewa sai ta tashi da kanta ta tafi wurin aiki, ta tarar da birki mai faɗi a wajen, ta ɗan dafa shi. Ba ta dannawa sosai, shi ya sa ban ji ba. Yaji ya ce irin waɗannan motocin an yi su ne in suka ji totur da birki tare, sai su bi birki su rage wa inji ƙarfi, don tsaro. Wato duk zagin da na yi wa baiwar Allah, umarnina take bi. Dama ta ce tafi, hagu ta ce tsaya, ita kuma ta tsaya jiran mu daidaita.

Yaji ya yi dariya har ya sauka ya riƙe taya. Ya ce na'urarsa ba ta da wayar da ake soka wa mutum.

To kin ga an gano. Ai sharaɗinki a gano ne, ko ba haka ba? Gyara ya rage, kuma na fara. Na cire takalmin hagu, ta je ba takalmi. Na naɗe ta ƙarƙashina kamar mai cin tuwo, jijiya ta ɗaure, da ƙyar aka fito da ni. Gobe zan gwada ɗaure ta da tsohon rawani a ƙarfen kujera.

Ki yi mini addu'a, ki kuma rage dariyar, ina jin ta daga nan.

Babanki, mai ƙafar da aka yi wa ritaya ta ƙi,
Kashim.

Abuja.
Ranar Lahadi.

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa.

Na yi dariyar, ba zan ɓoye ba, har Sulaiman ya shigo yana tambaya. Daga baya kuma na kasa cin abinci. Da motar ce, da an canza abin da ya lalace an huta. Wannan fa?

Kada ka ɗaure ƙafarka da komai. In wani abu ya faru, ta yaya za ka fita? Ina roƙonka.

Na so in ce a ɗauki direba, amma na san ka. Za ka zauna gefensa kana tuƙa shi da baki har ya ajiye makulli ya gudu. Motar tasha kuma ka ga yadda ta yi wa ƙafafun Mama. Saboda haka Sulaiman zai zo ƙarshen wata ya taho da ita, kafin ranar likita. In kana so ku taho tare, gidanka ne, ko da yake na san ba za ka iya kwana biyu a inda ba ka san mai shayi ba.

Ka yafe mini, Baba. Ba ni da wata uwar, ba ni da wani uban.

'Yarka,
Na'imatu.

Lokuwa, Mubi.
Ranar Juma'a.

Uwata,

Sallama. Mun yini lafiya.

Ban ɗaure ba. Rawanin ma ya ruɓe.

Kullum da safe ina fita hanyar Digil ina neman abin da zan wuce. Na wuce keke, na wuce amalanken shanu, na wuce wata tsohuwa da tulu har ta tsaya ta tambaye ni ko ɓata na yi. In ina tunanin ƙafar, tana zaune lafiya a inda Yaji ya nuna mini, akwai ɗan wurin ajiye ta a gefe. Amma da hankalina ya koma kan hanya, sai in ji ta ta tafi. Shekaranjiya na yi mata magana da ƙarfi, taga a buɗe, mutane suka juyo.

Saboda haka ba zan yi miki gardama ba. Kin fi ni karatu, kuma wannan karon kin fi ni gaskiya, abin da bai kamata ya zama ɗabi'a ba. Na rufe motar da tamfol. Na saya wa Mamanki jaka mai taya. Ba ta buɗe ta ba, kin san ta. Ni ne dai nake shiga ɗaki in fito, in manta abin da ya kai ni. Jiya na zuba gishiri a shayi, na shanye don kada ta gane. Ta gane.

Ki gaya wa Sulaiman ya bi a hankali bayan Gombi, akwai ramuka. Maganinta na safe ba ta shan sa sai an tsaya a kanta. Ba ta son fanka a kai. In ta ce ba komai, to akwai.

Sauran na manta. In na tuna zan rubuto.

Babanki,
Kashim.

Lokuwa.
Laraba.

Na'ima,

Assalamu alaikum. Ya yara, ya maigidan? Ni ce da kaina, ki yi haƙuri da rubutun.

Mun je Yola jiya mun dawo. Na kira asibiti aka matso mini da ranar. Na ce wa Babanki ya yaye tamfol ya kai ni Digil in yi sallama da Aishatu ƙanwata. Da muka hau titi na ce ba Digil ba, Yola.

Gaba na zauna. Na miƙa hannu na dafe gwiwarsa ta hagu. In ta motsa in danne. Ta motsa da yawa, na danne da yawa. Mun wuce tireloli, motar ba ta tsaya tunanin komai ba. A shingen sojoji na rufe hannun da gyale, duk da haka wani ya gani, ya ce, "Baba, amarya ce?" Tun da nake da Babanki ban taɓa ganin an tambaye shi abu ya rasa amsa ba sai jiya.

Likita ya ce jinin ya sauka.

Ki ce wa Sulaiman kada ya taso. Na gode da ɗakin, Allah Ya yi muku albarka. Ki aiko mini da man zafi, kafaɗata ta yi tsami, hannun ya yi nisa.

Yana tsaye a kaina, wai in rubuta miki cewa shi ya gyara motar. Na rubuta.

Mamanki,
Haula.